Wagon Ɗin Mai Ƙwai

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Guduma ne ya fara faɗawa cikin shagon, bindiga a gaba. Tsinke na biye da shi. Oga Mai Kwat ya shigo a ƙarshe, a natse, sai ka ce wanda ya zo sayen caja.

Rana ce tsaka. Shagon na sarin wayoyi ne, inda 'yan kiri ke zuwa suna ɗauka kwali-kwali. Masu saye suka zube a kan tayil. Matar da ke kan kanta ta ɗaga hannuwa sama.

"Makullin sito," in ji Oga. "Ba na son surutu."

Mai shagon ya fara rantsuwa cewa makulli ba ya wurinsa. Guduma ya sakar masa gindin bindiga a kafaɗa — tim! Makulli ya fito daga aljihun wando.

A waje, ta ƙofar gefe, Sitiyari direbansu yana zaune cikin wata tsohuwar wagon fara, inji na aiki, but a buɗe. Gumi na bin bayansa. Motar ƙarnin ƙwai take yi. A ƙasan kujera akwai gorar ruwa ta 'yar makaranta, ƙafarsa na ta shurinta. Ya tura ta can ciki don kada ya gan ta.

Ba motarsa ba ce. Ta yayansa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

To, yadda aka yi motar mai ƙwai ta zo wurin fashi, ga shi.

Ana jibi za a yi aikin suka haɗu da yamma a bayan wani wurin wankin mota, su huɗu, a kan benci. An gama maganar shago, an gama maganar ƙarafa, wato bindigogi. Saura mota.

"Jif za mu samo," in ji Oga. "Baƙa, mai baƙin gilashi. In muka taho, kowa ya kauce."

Sitiyari ya girgiza kai. Shekara da shekaru ya yi yana tuƙin haya kafin zuciyarsa ta mutu. In dai mota ce, ba ya jin maganar kowa.

"Oga, da girmanka, jif ta nuna isa ce. Babu shingen da ba za a tsayar da ita ba, ko don a roƙi na shan ruwa. Kuma ka taɓa buɗe but ɗinta ka duba? Tsayi ne kawai, babu nisa. Mutum huɗu na ciki, kwali nawa za ta ci?"

"To bas mana," in ji Guduma. "Irin ta iyali, mai ƙofar ja. Ɗaki guda ce fa."

"Ciki kam ta fi kowa. Amma sha kwana da ita a guje ka gani. Kamar ka ɗora katifa a ka ne ka ce za ka yi gudu cikin iska. Ƙofar nan kuma in ta cije, sai dai ka fita ta taga, ga ka ƙato."

"Kai dalla can!"

Tsinke, wanda ba ya zama ba wasa, ya ce, "Waɗannan na yayi fa, Baaba? 'Yan ƙananan jif ɗin nan da matan manya ke ja?"

"Wannan ai ba jif ba ce. Ƙaramar mota ce ta sa takalmi mai tsini. Kuɗin jif, cikin akwati."

Suka fashe da dariya, ban da Oga.

"To malamin mota, me kake so?"

"Wagon."

"Wagon? Motar tsofaffi?"

"Ita fa. Tana ƙasa-ƙasa, a manne da kwalta, ka sha kwana yadda ka ga dama ba za ta ɗaga ƙafa ba. Bayanta dogo ne. Ka kwantar da kujera, sai ka yi ta tura kaya, ba sai ka ɗaga sama ba. Ba ta shan mai. Babban abin kuma, ba mai kallonta sau biyu. Wa ya taɓa jin tsoron wagon?"

Oga ya murza zoben hannunsa. "Aibinta fa? Ba abin da ba shi da aibi."

"Ɗaya ne. Cikinta kusa da ƙasa yake. Muddin ba a sauka daga kwalta ba, lafiya lau."

"In an sauka fa?"

"Ta zauna."

"To," in ji Oga. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Matsalar ita ce wagon ta yi wuya yanzu, kowa ya koma jif da 'yan uwanta. Ba a samun ta a yashe a bakin titi balle a sata. Guduma ne ya kawo maganar.

"Yayanka fa? Ba irinta yake rabon ƙwai da ita ba?"

"A'a. Ku cire Yaya daga ciki."

"Wa ya sa shi ciki? Aro ne. A canza lamba, a yi aiki, a mayar masa da abarsa ko ƙura babu."

"Na ce a'a."

Oga ya miƙe yana karkaɗe kwat ɗinsa. "Ka cika mu da wa'azin wagon, an zo wurin aiki ka noƙe. Shi ke nan, a nemo wani direban. Garin nan cike yake da masu jin yunwa."

Sitiyari ya dubi ƙasa. Bai daɗe ba ya ce, "Zan kawo ta."

Da safiyar ranar ya je gidan Yaya. Ya tarar ya dawo daga kai yara makaranta, ya gama rabon safe, yana sauke kiret-kiret. Yayan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, shi ya koya masa tuƙi a kan cinyarsa.

"Yaya, aron mota nake so. Wani abokina zai tashi daga gidan haya, gado da katifa ne kawai."

Yaya bai tambayi wane aboki ba. Ya zaro makulli ya miƙa masa.

"Na zuba mai yanzu, ba sai ka saya ba. Birkin hannu ba ya ci sosai, in ka tsaya a gangare ka sa dutse. Ka dawo kafin a tashi yara, ka san ƙaramar ba ta iya tafiyar rana."

Matar Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "A'a, mijina ƙarami ne? Kullum aro, kullum aro. Yaushe za ka sayo mini tawa in huta da ta tsohon nan?"

"Kwanan nan, uwargida."

"Ka dai ci abinci tukuna."

"Ina sauri."

Bai iya haɗa ido da kowa ba. A wani lungu ya tsaya ya kwance lambar motar ya ɗaura ta bogi. Gani yake ya gama wayo.

Yanzu ga shi a ƙofar gefen shago, kwalaye na ta shigowa. Guduma na jefowa, Tsinke na turawa. Yadda ya faɗa haka aka yi, motar sai haɗiyewa take kamar ba a sa komai ba.

"Saura biyu!" in ji Tsinke, ya juya da gudu.

Ba wanda ya lissafa da maigadin ginin. Tsoho ne, ya zaga bayan gida, ya dawo ya ga abin da ake. Da ya ɓuya da ya tsira. Sai ya ɗauko tsohuwar bindigarsa ta farauta daga ƙarƙashin benci.

Daram!

Tsinke ya saki kwali ya dafe ciki. Guduma ya waiga — tau! tau! Tsohon ya faɗi yana riƙe da cinya. Titi ya rikice, mata na ihu, masu tebur na kifewa da kayansu.

"Ku ɗauko shi! Ku ɗauko shi!" Sitiyari ke ihu.

Suka cusa Tsinke ta baya, ya miƙe sambal a gefen kwalaye. Guduma ya ja tamfol ya rufe shi, ya watsa ragowar kiret-kiret ɗin ƙwan da ke motar a kai, ya matse kansa a ragowar kujera. Oga ya shiga gaba.

"Taka!"

Wagon ta cilla. Kwana ta farko — ƙiii! — ko gezau. Ta biyu, ta bi ta tsakanin wata tifa da kwata kamar an zare zare. Da suka hau babban titi Sitiyari ya sassauta ƙafa, ya shiga layin motoci, tafiyar mai zuwa kasuwa.

A shagon kuwa, Sufeto ya iso da mutanensa. Gajere ne mai jan ido, ba ya son dogon bayani. An ɗauki maigadi zuwa asibiti. Mai shago na zaune a ƙasa yana salati.

"Wace irin mota suka zo da ita?"

Matar da ke kan kanta ta ce ita ƙasa take kallo. Wani mai gyaran takalmi ya ce, "Jif ce, yallaɓai. Baƙa."

"Ka gan ta?"

"To ai su da ita suke zuwa."

Wasu biyu suka ce lallai jif ce, sun ma ji ƙararta. Sufeto ya ɗauki oba-oba ya ba da umarni a tare duk baƙar jif a kowace hanyar fita.

Shi ya sa da suka iso shingen bakin gari suka tarar da jif-jif a jere a gefe, masu su na ta masifa, ana zazzage musu kaya. Guduma ya sa hannu a ƙarƙashin riga.

"Kada ka motsa," in ji Sitiyari ta gefen baki.

Wani kofur mai furfura ya taho. Bai ko kalli lamba ba. Tun daga nesa ya fara murmushi, ya daki saman motar da tafin hannu kamar ya ga tsohon aboki.

"A'a! Motar ƙwai! Yau ina mai ita?"

Sitiyari ya ce, "Yana gida, yallaɓai. Aiko ni ya yi."

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ka gaishe shi da kyau. Mutumin kirki ke nan, ranar da matata ba lafiya shi ya kwashe mu zuwa asibiti, ko sisi bai karɓa ba. Wuce, wuce. Ku yi hankali, ɓarayi sun yi ɓarna a gari."

Ya ɗaga musu katako da hannunsa.

Sun yi nisa kafin Guduma ya saki numfashi ya bushe da dariya. "Shege Sitiyari! Wallahi kai boka ne! Wai ka gaishe shi da kyau!"

Sitiyari bai yi dariya ba. Kunnuwansa zafi suke. Lamba ya canza, ya manta motar da ke bin hanya ɗaya kowace safiya ba da lamba ake sanin ta ba. Ba wayonsa ne ya fitar da su ba. Da mutuncin Yaya suka wuce, da jini a bayan motarsa.

Daga ƙarƙashin tamfol Tsinke ya yi nishi. "Baaba... ku kai ni wurin likita..."

"Yanzu, mutumina. Yi haƙuri. Oga, akwai wani mai kemis da na sani a gaba..."

"Shiga nan," in ji Oga, ya nuna wata hanyar ƙasa da ta ratse ta cikin gonaki.

"Nan? Ba haka muka yi ba. Na gaya maka ba ta sauka daga kwalta."

"Na ji. Shiga."

"Oga, da wannan lodin? Zama za ta yi!"

Wani abu mai sanyi ya taɓa masa haƙarƙari. Oga ko kallonsa bai yi ba.

"Na ce shiga."

Ya shiga. Tun daga farko ƙasa ta fara gugar cikin motar — ƙurrr, ƙurrr. Ya yi ta kaucewa, yana hawa gefe, yana lallaɓa ta. Salansar motar, bututun hayaƙi, ta bugi dutse ta fara tsawa. Can suka iso inda ruwa ya zaizaye hanya, tayoyin manyan motoci sun haƙa rami biyu sun bar tudu a tsakiya.

"Ba za ta wuce ba."

"Taka!"

Ya taka. Gwaram! Wagon ta hau tudun da cikinta ta zauna daram. Tayoyi na ta juyawa a iska suna watsa ƙasa.

Oga ya buɗe ƙofa ya fita. A gaba kaɗan, ƙarƙashin wata bishiya, an rufe wani abu da rassa. Ya janye su. Jif ce, ruwan toka, sabuwa fil. Ya zaro makulli daga aljihun kwat.

Sitiyari ya dubi Guduma. Guduma ya kau da kai.

"Ashe ka sani."

"Baaba, aiki ne. Kama mu kwashe."

Suka kwashe, Oga na tsaye da bindiga a hannu yana kallo. But ɗin jif ya cika tun ba a je ko'ina ba. Suka kwantar da kujerun baya, suka yi ta turawa har rufi. Kwalin ƙarshe a kan cinya Guduma ya ce zai riƙe. Da aka gama, kujera biyu ce ta rage, ta direba da ta gefensa.

"Mu fa?" in ji Sitiyari.

Oga ya leƙa ciki, ya ɗaga kafaɗa. "Gaskiyarka, malamin mota. Ba ta da ciki."

"A sauke rabi! Tsinke jini yake zubarwa!"

"In sauke kaya in ɗauki gawa?"

"Motar Yayana fa? Ku ja ni da igiya, wallahi ja ɗaya ne ta fita! Oga, don girman Allah! Kofur ɗin nan ya san ta!"

"Shi ya sa na bar maka ita. Su yi ta fama da mai ƙwai, mu mun yi nisa."

Sitiyari ya yi kansa. Tau! Harsashi ya tashi ƙura a gaban ƙafarsa. Ya tsaya cak. Jif ta ɗaga, ta haye ramukan kamar ba a yi su ba, ta ɓace cikin gonaki.

Ya koma da gudu. Ya zaro jak ya ɗaga gefe ɗaya, ya cusa duwatsu. Ya kwanta yana haƙar tudun da hannu har farcensa ya fashe. Ya shiga ya taka, mota ta yi ƙara ta koma ta zauna. Ya sake. Ya sake.

"Baaba," in ji Tsinke. Muryar ta yi ƙasa. "Bar ta haka. Zo ka zauna kusa da ni."

Ya janye tamfol. Jini ya jiƙe kiret-kiret, ya gangara har ƙarƙashin kujerar da yara ke zama.

"Sanyi nake ji. Kada ka tafi ka bar ni, ka ji?"

"Ina nan."

Daga can bakin kwalta jiniya ta taso. Wani manomi da ya ji harbi ne ya kira.

"Ina nan," ya sake cewa. Yana faɗa yana ja da baya. Sai ya juya ya faɗa cikin gona da gudu, ƙaya na yagar masa wando. Ya ji Tsinke ya kira shi sau ɗaya. Bai waiga ba.

Ko da Sufeto ya iso, Tsinke ya cika. Aka zagaye motar. Aka samu kwali ɗaya da ya faɗa ƙarƙashin kujera, da tambarin shagon a jiki. Kofur mai furfura yana cikin waɗanda aka kwaso daga shinge. Yana ganin motar ya cire hula.

"Yallaɓai... na san ta."

"Ka san ta?"

"Ni na ɗaga mata katako."

Sufeto ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Za mu yi wannan maganar. Yanzu kai ni wurin mai ita."

Sitiyari ya fita wata hanyar, ya tari ɗan acaɓa. Abu ɗaya ne a ransa: ya riga su isa, ya ce wa Yaya ya ce sace motar aka yi. Gidan Yaya ba kowa sai matarsa, bai shiga ba. Ya tuna lokacin tashin yara ne. Ya nufi makaranta.

Ya makara.

Daga tsallaken titi, bayan wata rumfar mai faci, ya ga komai. Yaya ya zo a ƙafa, ya riƙo hannun ƙaramar, jakarta a kafaɗarsa, babban na biye. Motar 'yan sanda ta ci birki a gabansu. Suka diro.

"Kai ne mai farar wagon?"

"Ni ne. Lafiya? Hatsari aka yi? Yana da rai?"

Amsar da ya samu mari ce. Suka murɗe masa hannu ta baya, ankwa ta yi ƙara. Jakar yarinyar ta faɗi a ƙasa. Ta riƙe rigarsa tana ihu, "Baba! Baba!" har sai da wata malama ta ɓamɓare ta. Iyayen yara suka taru, wayoyi a sama ana ɗauka.

"Me ya yi?"

"Wai fashi."

"Mai ƙwai? Kai, duniya! Shi ya sa kullum shiru-shiru."

Mai facin ya taɓo Sitiyari. "Malam, ka ga abin mamaki ko? Mutum kamar na Allah."

Sitiyari ya buɗe baki. Taku kaɗan ne tsakaninsa da su. Ya ce ni ne, shi ke nan. Ƙafarsa ta ƙi. Ya sunkuyar da kai ya bi lungu.

A ofishin 'yan sanda Sufeto bai ɓata lokaci ba.

"Mun san ba kai ke tuƙi ba. Wa ka ba?"

Yaya ya dubi hoton motarsa da aka ajiye masa, da abin da ke bayanta. Ya daɗe yana kallo.

"Motata ce. Ni na ba da makulli da hannuna."

"Wa?"

Yaya ya kau da kai daga hoton.

"Sace ta aka yi?"

"Ba a sace ba."

"Bawan Allah, ka taimaki kanka. An kashe mutum a cikinta, wani tsoho na can za a yanke masa ƙafa. In ba ka faɗa ba, kai ne mai ba su mota, tare za a yanke muku. Wa ka ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Sufeto ya yi tsaki ya miƙe. "Ku shiga da shi ciki."

Abin da aka yi masa a ciki ba sai an faɗa ba. Bai ambaci kowa ba.

Sitiyari ya kwana a wani kango. Washegari yunwa da rashin wurin zuwa suka kai shi gidan Yaya ta ƙofar baya. Tsakar gida cike da ƙwan da ba a raba ba, masu shaguna sun aiko cewa a dakata tukuna. Matar Yaya na durƙushe tana wanki. Ta ɗago ta gan shi. Ba ta yi ihu ba. Ba ta kira shi da sunan wasan nan ba, ba ta kira shi da komai ba.

Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da kwano ta ajiye a gabansa.

"Na je na gan shi," ta ce. "Ba ya iya tsayuwa, sai an riƙe shi. Ido ɗaya ba ya buɗuwa."

"Uwargida, wallahi ban..."

"Kada ka rantse a gidan nan." Ta koma kan wankinta. "Ya ba ni saƙo. Ya ce in ka zo in ba ka abinci, in ce maka ka yi nisa, kada ka dawo. Ya ce shi ya girme ka, zai fi ka iya ɗauka. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗi sunanka ba. To ga abinci, ga saƙo. Na sauke."

"Ke me kika ce?"

"Ni? Ni a wa? Ƙaninsa ne kai." Ta matse riga, ƙaramar rigar makaranta. "Yaran dai sun ce ba za su ƙara zuwa ba. Ana kiran su 'ya'yan ɗan fashi."

Ya dubi kwanon. Ta sa masa har da nama, kamar kullum. Ya kai hannu, hannun ya tsaya a hanya. Ya mayar da murfi ya rufe, ya miƙe.

Ba ta tambaye shi ina za shi ba.

A ƙafa ya tafi, ta babban titi. Ya shiga ofishin ya tsaya a gaban kanta.

"Ni ne direban farar wagon. Mai ita bai san komai ba. Ƙarya na yi masa."

Kafin ya rufe baki an kai shi ƙasa.

Ya faɗi duk abin da ya sani, har gidan da Oga ke ajiye kaya. Da aka je, Guduma aka fara samu a bayan gidan, harsashi a ƙeya. Oga bai ga dalilin raba kaya biyu ba. Shi kuma Oga a kan gado aka kama shi, daga shi sai gajeren wando, yana kuka yana cewa sharrin shaiɗan ne. Tsohon maigadi ya rayu, da ƙafa ɗaya. Kofur mai furfura an cire masa igiya, saura kaɗan ya yi ritaya. Tsinke kuwa ba wanda ya zo karɓar gawarsa. Wagon tana harabar ofishin a matsayin shaida, sai an gama shari'a, in ana gamawa.

Da yamma aka fito da Yaya. Wani ɗan sanda na riƙe da shi, yana jan ƙafa. Aka miƙo masa rigarsa da hularsa da takalmi. Maƙwabta biyu da matarsa na jira a bakin ƙofa, ga masu kawo ƙara cike da benci.

Sitiyari na zaune a ƙasa bayan kanta, an tuɓe shi, ankwa a hannu. Ya ji jan ƙafar nan ya gane ta. Ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Jan ƙafar ya tsaya a kansa.

"Ka san wannan?" in ji Sufeto.



"Ƙanina ne," in ji Yaya.

"Shi ya jawo maka duk wannan. Kana da abin da za ka ce masa?"

Sitiyari ya jira. Zagi yake so, ko tofin yawu, ko shuri. Ko wanne ne da ya ji sauƙi.

Yaya ya dubi rigar da ke hannunsa, bai riga ya sa ba. Ya sunkuya da ƙyar, yana cije leɓe, ya yafa masa ita a kafaɗa, ya ja ta ya rufe masa ƙirji.

"Rufe jikinka," ya ce. "Akwai mutane."

Ya miƙe, ya dafa kafaɗar matarsa, ya fita da singileti, duk shatar duka a bayansa a fili. Har suka ɓace Sitiyari bai ɗago kai ba.